Ba a Yi wa Jika Ta'aziyya



Duk wanda ya taɓa zaman makoki a ƙasar Hausa ya san gaisuwa tana da tsari. Mai zuwa ta'aziyya zai fara da 'ya'yan mamaci, babba kafin ƙarami, sannan ƙannensa da yayyensa. In mace ce ta shiga cikin gida, ɗakin matar mamaci za ta fara nufa, ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri?" A amsa mata, a yi addu'a a shafa. Idan ta fito ta ci karo da jika a tsakar gida, sai fuskarta ta saki, ta ce, "To, an huta da tsoho, ina namu rabon gadon?" Babu mugunta a cikin wannan. Al'ada ce ta ɗauka cewa abin da ke tsakanin kaka da jika wasa ne, kuma wanda ya ga jikokinsa har suka girma ya ci ribar duniya, mutuwarsa ba ta kuka ba ce. Sai dai akwai jikan da kakansa ne ya fi kowa saninsa a gidan, kuma ni ina cikin irin waɗannan jikoki.

A gidanmu ni ce "amarya". Tun ina goye kakana na wajen uba, wanda duk muke kira Tsoho, ya ce ya yi mata, sadakina kuma ƙuli-ƙuli ne. Kakata Inna ta zama kishiyata. In na shiga ɗakinta sai ta ce in fita kada in kwashe mata asirin miya. In ya dawo daga kasuwa, tun daga zaure zai ɗaga murya da irin Hausar mutanenmu na Kabi: "Amarya, mi kinka dahwa mini?" Ni kuma in ce ban dafa komai ba, tunda mijin nawa ba haƙori gare shi ba. Haka muka yi ta yi har na shiga sakandare, har na tafi karatu Birnin Kebbi. A cikin wasan nan yake faɗa mini abin da ba zai iya faɗa wa 'ya'yansa ba, domin tsakaninsa da su akwai kunya, musamman mahaifina da yake ɗan fari, wanda ko sunansa Tsoho ba ya kamawa.

Garinmu yana cikin ƙaramar hukumar Bagudo, tsakanin Illo da Lolo. In ka taso daga garin Bagudo sai ka haye gulbin Kwara ta gadar Tuga kafin ka kama hanyarmu. Daga Lolo kuwa tafiya kaɗan ce ka shiga Jamhuriyar Benin, ka isa Madekali, gaba kuma Malanbil, wadda kasuwarta na cikin manyan kasuwannin ƙasar, kuma gada ce kawai tsakaninta da Gaya ta Nijar. Illo tsohon gari ne na ƙasar Bargu, ɗan uwan Busa da Nikki. A yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a birnin Faris ranar 14 ga Yuni, 1898, aka raba Bargu biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Ƙasar da Faransa ta riƙe aka kira ta Dahomi, sai a 1975 aka mayar da sunan Benin. Tsoho bai taɓa amfani da ko ɗaya daga cikin sunayen nan ba. In zai haye iyaka cewa yake zai tafi "Faranshi", in ya dawo kuma ya dawo "Ingilishi", kamar mai maganar unguwanni biyu na gari ɗaya.

Ɗan kasuwa ne, ɗan bafatake. Mahaifinsa yana cikin ayarin da ke bin tsohuwar hanyar goro, daga Jega su haye gulbi, su bi ta Kandi da Jugu har Salaga ta ƙasar Gwanja. Shi Tsoho bai riski wannan zamani ba. Nasa faraucin gajere ne: bandar kifi da albasa da shinkafa zuwa ƙetare, gishiri da atamfa zuwa gida, wani lokaci a jirgin Sarkawa, wani lokaci a kan jaki, daga baya a mota. Yana jin Hausa da Dandanci da Zabarmanci, yana cinikin shanu da Fulatanci, Faransancinsa kuwa bai wuce gaisuwa da ƙidaya ba. Shi ya koya mini lissafin sefa irin na kasuwa, inda sefa biyar take dala ɗaya, sefa ɗari dala ashirin, sefa dubu kuma jaka guda. Yakan sa ni in juya naira zuwa dala da ka, in na yi kuskure ya ce zai sake ni ya auro 'yar Gaya.

Shekarunsa da abubuwan da suka faru yake auna su. Ya ce yana saurayi mai ƙarfin ɗaukar buhu aka ba Dahomi da Nijeriya mulkin kai a 1960. Ya riƙe fam da sule kafin naira ta zo a 1973. Yana cikin kasuwar Malanbil labari ya iso a watan Janairun 1994 cewa an karya darajar sefa da rabi. Ya ga an rufe iyakokin Nijeriya a 1984 lokacin canjin kuɗi, ya ga an buɗe su a 1986. Da aka sake rufewa a watan Agustan 2019, samari suna ta hayaniya a ƙofar gida, shi kuwa yana kan buzunsa yana jan carbi. Ya ce, "Ƙohwa ce. Wanda yar ruhe ta shi ka buɗe ta. Ku dai ku roƙi Allah ku kai lokacin." Shi bai kai ba.

Kasuwanci shi mutane suka san shi da shi, amma babban aikinsa a cikin dangi wani ne daban. Kowace shekara in an gama girbi, sai ya ɗauki gafakarsa da sandarsa ya yi kwana goma ko fiye ba ya gida. Ya kwana Madekali wurin ƙanwarsa, wadda mahaifina ke kira Gwaggo mu ma muka bi bakinsa. Ya wuce Malanbil, ya haye Gaya, wata shekarar ya gangara Segbana ta hanyar Tsamiya. Ba ya ɗaukar kaya a wannan tafiya sai goro da 'yan kuɗin da zai raba wa yara. In ya dawo, bayan sallar isha'i zai zauna a tsakar gida ya ba da rahoto: wance ta haihu, an sa wa yaro sunan wane, wane ya rasu, ya bar 'ya'ya huɗu, ɗiyar wane ta isa aure. Daga nan sai ya ɗauko zaren tun daga sama, wane ya haifi wane, wane ya auri wance, har ya sauko kan jaririn. Manya sukan yi gyangyaɗi. Mu yara mukan jira ya gama don ya buɗe ƙunshin tsaraba.

A damanar 2020 ya kwanta. Shekarar ce ruwa ya yi ɓarna a jihar Kebbi, gulbi ya cika ya batse, ya shanye fadamun shinkafa. Ciwon bai yi tsawo ba, kwana shida ne. Ranar ta bakwai bayan sallar asuba muka ji Inna ta ɗauki salati, muka san abin da ya faru. Likkafaninsa yana cikin adakarsa, shi ya saya da kansa shekaru da suka wuce, ya naɗe shi da turare. Baffana da limamin unguwa suka yi masa wanka. Kafin hantsi ya yi zafi an ɗora shi a makara, an yi masa salla a ƙofar gida, maza suka ɗauke shi zuwa maƙabarta a kan tudu. Mu mata muka tsaya daga bakin zaure. Abin da na gani na ƙarshe shi ne gefen tabarmar da aka rufe makarar da ita, tana lilo yayin da suka karya kwana.

Gwaggo ta waya ta ji. A yankinmu mutane da yawa layi biyu suke riƙewa, na Nijeriya da na Benin, don haka labari ya isa Madekali kafin a dawo daga maƙabarta. Ita ce ba ta iso ba. Iyaka a rufe take, hanya ruwa ya cinye ta, ita kuma tsohuwa ce da idonta ya yi rauni, 'ya'yanta suka ce ba za su sa ta a jirgi gulbi yana wannan hali ba. Sai ta sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanta, ta zauna karɓar gaisuwa kwana uku. Mutum ɗaya aka yi wa makoki biyu a ƙasa biyu, tsakaninsu tafiyar da yake yi da ƙafa lokacin da yake da ƙarfi. Ranar uku wani mai jirgi ya kawo saƙonta: goro a ƙunshe cikin ganye da jaka biyu, a sa cikin sadaka.

A kwanakin nan uku na ji kirarin kakana daga bakin mutane ɗaruruwa, kuma kusan kalmomi ɗaya ne. Mutumin kirki ne. Mai haƙuri ne. Mai zumunci ne. Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta. Ni kuwa duk wadda ta gan ni sai ta ja mayafina ta ce, "Amarya, miji ya tafi, yaushe za a shiga takaba?" Wata ta ce in shirya, tana da tsoho a gidanta da ke neman bazawara. Ina yin dariya, domin abin da ake jira daga gare ni ke nan. In dariyar ta ƙare sai in zaga bayan rumbu.

An ɗan yi saɓani a kan sadakar bakwai. Mahaifina yana tare da malaman da ke cewa zaman makoki kwana uku ne, abin da ya wuce haka ƙari ne. Baffana ya ce haka suka tarar, kuma haka Tsoho ya yi wa nasa iyayen. A ƙarshe maza suka tashi daga ƙofar gida ranar uku, mata kuma suka daka gumba suka toya masa ranar bakwai aka raba wa almajirai. A ranar ce jikoki muka yi namu. Yayana ya shiga ɗakin Tsoho ya sako babbar rigarsa mai ruwan ƙasa, ya kafa hularsa a karkace yadda yake kafa ta, ya rataya gafaka, ya dogara sanda. Ya fito yana ɗan jan ƙafar hagu, ya yi gyaran murya sau biyu, ya tsaya a bakin zaure. Gida ya kaure da dariya. Muka bi shi ɗaki-ɗaki muna karɓar kuɗin jikoki, wanda ya hana mu zauna masa a bakin ƙofa. Da ya iso kaina sai ya karkato kai ya ce, "Amarya, mi kinka dahwa mini?" Muryar ta yi kama fiye da yadda shi kansa ya zata. Ya tsaya, na tsaya. Dariyar tsakar gida ta ɗauke, gwaggonnina suka fara jan hanci, yayana ya cire hular ya riƙe a hannu ya koma ɗaki.

Tun daga ranar nake ganin wasan jikoki da wani ido. A duk makokin, waɗannan 'yan mintoci ne kaɗai aka tuna shi da kamanninsa: tafiyarsa, tarinsa, karkatar hularsa. Masu gaisuwa sun yabi halinsa da kalmomin da za su dace da kowane dattijo a Bagudo. Jikoki ne, waɗanda ba a yi wa ta'aziyya, suka san da wace ƙafa yake ɗingishi.

Inna ta shiga takabarta ta wata huɗu da kwana goma. Ta ajiye kwalli da lalle da turare, ba ta fita ko'ina. Ni aka ce in riƙa kwana a ɗakinta. Wani dare, an kashe fitila, na ɗauka ta yi barci, sai na ji ta ce, "Kishiya." Na amsa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ya haƙuri?" Ita ce mutum ta farko da ta tambaye ni, bayan kusan mako uku. Na kasa ba ta amsar da kowa ya sani. Ta miƙo hannu ta dafa kaina, ta ce, "Yi kukanki. Ni na san abin da kinka rasa, tare munka riƙe shi." Da safe ta ba ni ƙaramin kofin silba da yake shan shayi da shi, ta ce rabona ke nan na gado, kada in kai ta ƙara wurin alƙali.

Girman abin da dangi suka rasa bai bayyana ba sai wajen kwana arba'in. Ruwa ya fara janyewa, sai ga wani dattijo a bayan babur, da doya da zabi biyu, Hausarsa da karin harshen Bargawa. Ya ce daga Segbana yake. Ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, sannan ya ce Tsoho ya gudu da kuɗin shararsa na bana, don haka a ba shi hula ko takalmi ya riƙe. Wannan magana ce ta taubashi, kowa ya gane. Amma ta ina? Mahaifina ya san akwai "mutanen Segbana" da Tsoho ke sauka wurinsu. Baffa ya san 'yan uwa ne. Inna ta ce dangin uwarsa ne, iyakar abin da ta riƙe ke nan. Aka karɓi baƙo hannu biyu, aka yanka masa kaza, ya kwana biyu ya tafi da hular. Bayan tafiyarsa manyan gidanmu suka zauna suna kallon juna. Mutumin da zai warware wannan cikin numfashi ɗaya yana kan tudu.

A cikin gafaka aka sami amsar. Akwai wani kundi mai bangon fata da kowa ya ɗauka littafin bashi ne, kuma rabinsa na bashin ne: wane buhu uku, wane dala ɗari biyar, an ja layi a kan waɗanda suka biya. In ka juya shi ta baya kuwa sunaye ne, da ajami, shafukan farko da tawada, na baya da biro. Kowane gari da shafinsa. Muka kai wa wani malami maƙwabcinmu mai karanta ajami, yana karantawa ina juyawa zuwa boko a littafin makaranta, muka yi yammaci biyar a kai. A shafin Segbana muka ga sunan wani yayan mahaifiyar Tsoho, wanda ya bi fatake yana saurayi ya yi aure a can bai dawo ba. Baƙonmu ɗansa ne. Tsoho ɗan mace, shi ɗan namiji, taubasai na haƙiƙa. A gefen shafin da ƙananan baƙaƙe Tsoho ya rubuta cewa shi ya nemo su da tambaya a kasuwa, bayan mahaifiyarsa ta rasu tana ambaton ɗan uwanta.

Wasu al'ummomi sun mayar da irin wannan aiki babbar hidima. A Amurka akwai ɗariƙar Kirista da ake kira Mormon, cibiyarsu a jihar Yuta. Tun 1894 suka kafa ƙungiyar tattara asalin iyalai, wadda a yau ake kira FamilySearch. Sun haƙa rumbu a cikin dutse don ajiye kwafin takardun haihuwa da aure da mutuwa daga ƙasashe da yawa, kuma a Gana da Nijeriya suna tura mutane ƙauyuka su naɗi muryoyin tsofaffi masu jero sunayen kakanni da ka. Dalilinsu na aƙidarsu ne. Namu dalilin yana cikin addininmu, domin malamanmu suna karantar da cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni mutum ya san nasabarsa gwargwadon abin da zai sada zumunci da shi. Tsoho bai da rumbu a cikin dutse. Yana da gafaka da ƙafafu, kuma da su ya riƙe dangin da ke warwatse a ƙasa uku shekara da shekaru.

Bayan shekara biyu, da rani, muka je Madekali ni da Baffa da yayana, ɗauke da littafin. Gwaggo ta shafa fuskata da tafin hannunta, ta ce, "Wagga ita ce amaryar?" Jikokinta suka kewaye mu. Dandanci suke yi a gida, Faransanci a makaranta, Hausarsu ta kasuwa ce. Ni kuma Dandancina bai wuce gaisuwa ba. Sa'ata a cikinsu, wadda kakanninmu ciki ɗaya suka fito, sai da Baffa ya yi mana tafinta kafin muka fahimci juna. Da dare na karanta wa Gwaggo sunayen ɗaya bayan ɗaya. Wani ta gyaɗa kai, wani ta yi masa addu'a, wani ta ce, "A'a, wanga ba ɗan wance ba ne, riƙonsa ta yi." Ta ƙara mana sunayen mata bakwai da babu su a kundin, 'yan uwan da suka rasu wurin haihuwa ko suna ƙanana.

Da na ce mata kowa yana yabon zumuncin Tsoho, sai ta yi dariya har da tari. Ta ce in zauna ta ba ni labarin mijina. Lokacin da aka tashi aurar da ita ga mutumin Madekali, shi ne ya ƙi. Yana da abokin da ya so a ba. Da iyaye suka yi abin da suka ga dama, ya yi rantsuwa ba zai taka gidanta ba. Shekara uku yana wucewa ta bakin garin zuwa kasuwar Malanbil, bai taɓa leƙawa ba. Ta haifi ɗanta na fari, ta aika, bai zo suna ba. Yaron ya yi wata takwas ya koma. Ranar da labari ya same shi ya taho da ƙafa cikin dare, ya iso da asuba, ya zauna a ƙofar gida ya kasa shiga. Ta ce, "Ɗan da bai taɓa gani ba, shi yak karya shi." Ya yi kaffarar rantsuwarsa, kuma tun daga wannan shekara bai sake bari girbi ya wuce bai zo ba. Na buɗe littafin na duba shafin Madekali. Sunan farko a sama, kafin na Gwaggo, kafin na mijinta, sunan wannan jariri ne.

Babu wanda ya faɗi wannan a zaman makoki, kuma bai kamata a faɗa a can ba. Amma shi ne labarin da ya sa na san kakana. Da ina ɗaukar zumuncinsa hali ne da aka haife shi da shi, kamar tsawo ko hasken fata. Ashe mutum ne mai taurin kai da ya taɓa yanke zumunci, ya ɗanɗani abin da ke biyo baya, ya shafe sauran rayuwarsa yana ɗinki. Ƙaunar da nake masa ba ta ragu ba da jin haka. Tsohon da ke jan ƙafa a kan hanyar Lolo da goro a gafaka ya ƙara girma a idona.

'Yan uwa marubuta, kusan kowane mako muna ganin rubutun ta'aziyya a shafukanmu, kuma mun san kalmomin tun kafin mu karanta: bango ya faɗi, gatan marayu, mai haƙuri da kawaici. Addu'a ce mai kyau, Allah ya karɓa. Amma jikan da za a haifa nan da shekara ashirin ba zai gane kakansa a cikinsu ba. Abin da zai amfane shi shi ne sunan garin da tsohon yake sauka, da harshen da yake ciniki da shi, da abin da ke sa shi fushi, da wanda ya taɓa ɓata wa da yadda suka shirya. Irin wannan sani yana wurin jikoki da tsofaffin mata, mutanen da ba a cika tambaya ba. Wanda kakansa ko kakarsa ke raye, tsokana ita ce ƙofar shiga: abin da tsoho zai ɓoye wa ɗansa saboda kunya, zai faɗa wa jikansa cikin wasa.

Mun yi kwafi biyu na littafin. Ɗaya yana gidanmu, ɗaya yana Madekali hannun sa'ar tawa, ita tana rubuta nata ƙarin da haruffan Faransanci, in an yi haihuwa ko rasuwa ta ɗauki hoton shafin ta turo mini a waya. Baffa ya karɓi tafiyar bayan girbi, ya je Segbana sau biyu, taubashin Tsoho kuma har yanzu yana bin mu kuɗin shara. Shafin Gaya ne ya tsaya inda Tsoho ya bar shi, domin tun juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya ta daɗe a rufe, masu hayewa sai ta jirgi. Akwai sunaye goma sha ɗaya a wannan shafi, na ƙarshe yarinya ce da ya rubuta an yaye ta a shekarar da ya je. Yanzu ta isa shiga makaranta, kuma Baffa ya ce bana in Allah ya kai mu kaka zai je ya gano ta.

Allah ya jiƙan Tsoho, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya jiƙan kakanninku da suka riga mu, ya ƙara wa na raye lafiya, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.